Damin da Baba Ya Ƙi Kaiwa

Har yau in hadarin farko ya haɗo, gabana sai ya faɗi. Yara na tsalle a waje, manoma na duba fartanya, ni kuwa in kasa zaune in kasa tsaye. Mijina ya gaji da tambaya ya ƙyale ni. Abin ya faro ne a wata bazara a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru. Ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, Baba kuma bai daɗe da ajiye kakin soja ya dawo ƙauye ba.

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse, in ka bar Zuru ka yi wajen Manga. A saman dutsen kakanninmu suka zauna a zamanin da mahara ke zuwa da dawakai suna kwasar mutane. Da duniya ta lafa aka sauko kusa da gonaki da ruwa, gidajen sama suka rushe, saura ɗaki ɗaya. Mutanen kasuwa ɗakin tsafi suke ce masa, 'yan cocinmu ma haka, wasu har da tofar da yawu. Mu a gida ɗakin dutse muke cewa, kuma ba mu ɗaga murya in za mu faɗa.

Ba a hawan dutsen yadda aka ga dama. A tsakiyar hanya akwai wani falalen dutse, nan kowa ke cire takalmi ya ajiye duk wani ƙarfe da ke jikinsa, wuƙa ce ko makulli ko ɗan kunne, domin ƙarfe shi ya kori mutanenmu sama tun farko. Gaba kaɗan ruwa na tsattsafowa daga wata tsaga, ko da rani ba ya ƙafewa, a nan za ka wanke hannu da fuska ka kurkure baki. Idan ana share ɗakin, ciki ake turo sharar a tara a kwashe da hannu, ba a kora ta waje. Sabuwar dawa kuwa ba mai sa ta a baki sai an kai zangarniyar farko sama.

Abin da ke cikin ɗakin tukwane ne, ba komai ba. Duk wanda ya tsufa a danginmu ana gina masa 'yar tukunya tun yana raye, ya danna babban yatsansa a wuyanta kafin ta bushe. Ranar da ya rasu a binne shi, tukunyar kuma a hau da ita. Ba a gasa waɗannan tukwane, a inuwa suke bushewa, domin an ce ba a sa wa mutum wuta. Ɗanyen yumɓu ne kawai. Jinkar ɗakin ita ce ke tsakaninsu da ruwan sama.

To a nan maganar take. Duk bayan 'yan shekaru, in jinka ta tsufa, ana sake baibaye ɗakin kafin damina. Kowane gida na dangi dami ɗaya na shuci yake kawowa, kuma maigida da kansa zai ɗauko shi a ka, ƙafa ba takalmi, ya sauke a ƙofar ɗakin ya ce, "Ga gidana, yana hannunku." Ba a karɓar dami biyu daga gida ɗaya, ba a aike, ba a saye. Gidan da bai kawo ba, tukwanensa a fito da su waje. Tun zamanin mahara aka kafa wannan, don kada wani gida ya sulale ya bar sauran a kan dutse. Ciyawa ga ta nan jibge a gindin dutsen har awaki sun ƙoshi, amma ba a ƙara ko tsinke ɗaya a kan abin da gidaje suka kawo. In damman sun ragu, sai a rushe bangon a gina ƙarami daidai abin da shucin zai rufe.

Shi ya sa in ka hau za ka ga tushen tsofaffin bango a ƙasa, da'ira cikin da'ira. Ta waje tana da faɗi sosai, za ta ɗauki ajina duka da bencinansu. Wasu gidajen sun musulunta, wasu sun shiga coci, wasu bariki ya cinye su ba su dawo ba, kowane zamani bango na matsowa ciki. Tsakanin da'irorin akwai ƙananan tudun jar ƙasa da ciyawa ta tsiro a kai. Ina yarinya na taɓa zama a kan ɗaya, aka fizge ni da ƙarfi, ashe mutum ne.

Mai kula da ɗakin ƙanen kakana ne na wajen uba. Duk gari Tsoho ake ce masa, har sunan ya bi shi. Ɗan siriri ne, haƙoransa na gaba a fiƙe irin na mutanen da, ga son wasa. In ya gan ni sai ya ce, "Ga amaryata, yaushe za ki bar wancan malalacin ki dawo gidan mai dawa?" Ni kuma in ce sai ya fara yi mini golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Ya ce ai ya gama nasa tun uwata ba ta san hanyar rafi ba.

Kakana na gaskiya ban san shi ba, Baba ma bai san shi ba. Turawa suka ɗauke shi soja zuwa yaƙin ƙetare yana saurayi, bai dawo ba, bai kai shekarun danna yatsa ba. Kaka ita ta raini Baba ita kaɗai da ginin tukwane. Ni ma ta riƙe ni shekarun da aka yi ta jefa Baba daga wannan bariki zuwa wancan. Hausarta ba ta da yawa, ni ma C'lelata, wato yarenmu, ta bariki ce, gurguwa, amma mun fahimci juna sarai. Ita ta koya mini tauna rake ba tare da na yanke leɓe ba, ita ke ɗaure mini kai da ganye in zazzaɓi ya kama ni. Ina son matar nan, Allah ya sani.

Ina gabanta ta gina tata tukunyar. 'Yar ƙarama ce, hannu biyu za su rufe ta. Ta lailaye wuyan da ɗan tsumma, ta danna babban yatsanta na dama, wanda wuƙar girbi ta taɓa tsagawa, har tabon ya fito a jikin yumɓun. Ta ɗaga ta tana dariya ta ce, "Kin gan ni nan. In ubanki ya ƙi baibaye ni, ke sai ki zo ki yi mini inuwa da zanenki." Na ce to, na ci gaba da wasana.

Ta rasu Baba yana bakin aiki. Aka hau da tukunyar, ta zauna lafiya shekaru, domin a al'ada sojan da ke bariki ba a lissafa shi gida, damin Tsoho ya rufe mu duka. Amma da Baba ya dawo ya gina gidansa na kwano, Mama ta hura wuta a ciki, shi ke nan ya zama maigida. Bazarar da nake magana jinka ta lalace, Tsoho ya sanar za a baibaye. Tukunyar Kaka yanzu a kan damin Baba take.

Baba kuwa dattijo ne a coci. Tun yana makarantar mishan aka yi masa baftisma, kuma a yaƙin basasa, cikin rami, ya yi wa Allah alkawarin da bai taɓa gaya mana dukansa ba. Ba mutum ne mai hayaniya ba. In ya ce a'a sau ɗaya, to ka nemi wata maganar.

Ina gidan ranar da Tsoho ya zo. Baba ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya kawo masa ruwa da hannunsa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafafu. Da yarenmu suka yi maganar, ina bakin ƙofa ina tsintar abin da zan iya.

Tsoho ya ce, "Ɗana, shuci ya bushe."

Baba ya ce, "Na gani, Baba."

"Uwarka tana sama."

"Uwata tana hannun Allah. Ba ta cikin tukunya."

Tsoho ya sosa gwiwa. Ya ce, "Ban ce ka bar cocinka ba. Ciyawa ce kawai, ka ɗauka ka sauke."

Baba ya ce, "Da ciyawa ce kawai, da na yanko maka gona guda. Amma in na sauke sai na ce gidana yana hannunsu. Ba zan faɗi abin da ban yarda da shi ba, ko a gabanka, ko a gabansu."

"In ba ka faɗa ba, ba dami ba ne."

"Na sani, Baba."

Da Tsoho zai tafi Baba ya raka shi har bakin hanya, ya riƙe masa sanda da zai tsallake kwata. Ya sake zuwa bayan 'yan kwanaki, ya kuma sake zuwa, amsar ba ta canza ba.

Ni fa ba haƙuri ne da ni ba, duk wanda ya san ni ya san haka. Na tari Baba a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran rediyo, na durƙusa yadda ya kamata, amma bakina bai durƙusa ba. Na ce, "Baba, matar da ta ɗauki tukwane a ka har kasuwar Ribah don ka yi makaranta, ita za ka bari a ruwa?" Ya ce, "Ke ma ai 'yar coci ce, kina cikin mawaƙa." Na ce, "Ina ciki, kuma ban ce Kaka tana cikin tukunya ba. Amma yatsanta yana jiki! Hoto ɗaya ba mu da shi nata. Haba Baba!" Ya ci gaba da murɗa rediyonsa. Na ce Allah da ya halicci ciyawa ba zai kama mutum a kan dami ɗaya ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kin gama?" Mama ta leƙo daga madafa tana yi mini alama da ido in tashi. Na tashi ina huci, ko sallama ban yi ba.

Da na ga haka sai na ce bari in yi da kaina. Wata Asabar na ari lauje na shiga ciyawa. Malamar makaranta da yankan shuci, tabɗi! Kafin rana ta take hannuwana sun yi bororo, ƙaiƙayi ya gama mini wuya. Na ɗaure damina, na ajiye laujen da 'yan kunnena a falalen dutse, na wanke fuska a tsagar ruwa, na hau ina nishi. Na tarar da Tsoho yana kwaɓa ƙasar sabon bango.

Ya dubi damin, ya dube ni, bai yi wasan amarya ba ranar. Ya ce, "Jikata, sauke ki huta. Amma ba zai hau ba."

Na ce, "Don me? Ba jininta ba ce ni?"

"Jininta ce. Sai dai ke yanzu ta gidan wani ce, an yi miki golmo an ɗauke ki. Damin gidan ubanki kan ubanki yake so."

Na ce to ya ba ni tukunyar in tafi da ita Zuru, ina da kabad mai gilashi, ko ƙura ba za ta taɓa ta ba. Ya girgiza kai ya ce abin da ya hau a tukunya ba ya sauka a tukunya. Na ce in an fitar da ita zan kifa mata kwarya. Ya ce na waje ba a rufa musu komai, ko ganye. Raina ya ɓaci, na ce wace irin al'ada ce wannan da ba ta da tausayi, ciyawa ga ta ko'ina amma a bar tsohuwa a ruwa? Na faɗi maganganu da yawa, wasu da Hausa don na san ba duka zai kama ba.

Ya bar ni na gama. Sa'an nan ya ce, "Kina tsammani ni daɗi nake ji? Matar yayana ce. Ita ta yi mini tuwo shekarar da matata ta mutu. In na karya don ita, me zan ce wa waɗancan?" Ya nuna tudun ƙasar da ke kewaye da mu. "Kowanne da mai kukansa. Za ta zauna a waje sai ta koma ƙasa. In ta koma ƙasa kuwa, ba ruwan ɗakin nan da ita, ƙasa ta kowa ce."

Ban ma saurari ƙarshen maganar ba. Na bar masa damin a nan na sauko ina kuka, ƙaya ta soke ni a ƙafa ban tsaya cirewa ba sai a falalen dutse.

Ranar baibaya na je, ko da yake mata daga nesa suke tsayawa. Magidantan da suka hau da damma ba su da yawa, yawancinsu furfura ce a ƙarƙashin kayan. Sabon ɗakin ya yi ƙanƙanta har sai da Tsoho ya sunkuya sosai kafin ya shiga. Aka mayar da tukwanen masu dami ciki. Na sauran ya fito da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta Kaka ya riƙe ta a ƙirji ya daɗe, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ya ce ba. Ya ajiye ta a fili, nesa da inuwar itace, ya juya wuyan da ke da yatsan ya fuskanci ƙauye.

Daga ranar na ɗauke wa Baba ƙafa. A da duk Lahadi bayan sujada nake zuwa da 'yar miya a kwano, sai na daina. Ista ta zo ta wuce ban je ba. Mama ta aiko a gaya mini ubana ba ya cin abinci sosai, na ce a gaishe shi. Mijina ya ce in ji tsoron Allah, uba uba ne, na ce ya bari sai an fitar da tasa kakar sa'an nan ya yi mini wa'azi. Zafin bazara ya yi ta ƙaruwa, ni kuma kullum idona na gabas. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in leƙa taga. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai shekarar nan, ga manoma na roƙon ya sauko.

Wata Asabar da azahar iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na yaye babbar ledar da nake rufe itacen girki da ita, na naɗe, na ce al'ada ta yi abin da za ta yi, yau sai na yi wa Kaka inuwa. Na tare ɗan kabu-kabu na ce ya taka. Muna hanya guguwa na watsa mana ƙasa a ido, yana cewa, "Malama, ruwan nan zai kama mu," ina cewa ya dai tafi. A gindin dutse na sauka na kama hawa da gudu.

A falalen dutse na tsaya cak. Takalman Baba ne a ajiye, tsofaffin but ɗinsa na soja, an jera su daidai kamar za a zo dubawa. A cikin ɗaya ga agogonsa da makullan gida da 'yar wuƙar da ba ya rabuwa da ita. Na ce a raina ko ya kawo damin ne? Sai na tuna an riga an baibaye, ba a ƙari. Na watsar da silifas ɗina na wuce, ko wanke fuska ban tsaya yi ba.

Na same shi tsaye a kan tukunyar, ƙafa ba takalmi, hannuwa a baya. Ya jera ƙananan duwatsu ya kewaye ta ta gangare, ya toshe tsakaninsu da ƙasa. Tsoho na zaune a ƙofar ɗan ɗakinsa, ya juya fuska wani wajen. Ɗigon farko ya fara sauka, manya-manya.

Na warware ledar na nufi tukunyar. Baba ya kama ni a wuyan hannu. Ya ce, "Bar ta."

Na ce, "Sake ni, Baba!"

"Na ce ki bar ta."

Na fizga, ina! Hannun soja ne ko da ya tsufa. Iska ta ƙwace ledar ta yi gangare da ita. Na yi masa ihu a fuska, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce bai ishe shi ya ƙi ta ba sai ya zo kallo? Bai sake ni ba. Ruwa ya ɓarke.

A gabanmu ta tafi. Da farko ta yi duhu, ta yi sheƙi, har ta fi kyau. Ruwa ya taru a gurbin yatsan, na ga tabon wuƙar nan sarai, sai gefensa ya fara zubewa. Bakin ya karkace ya faɗa ciki. Cikinta ya cika ya buɗe ta gefe ɗaya, jan ruwa ya gangaro ya tsaya a jikin duwatsun da Baba ya jera. Ban san lokacin da na daina fizga ba. Na durƙushe a cikin taɓo ina kiran Kaka da yarenmu, da 'yan kalmomin da suka rage mini. Da na ɗaga kai na ga idon Baba a kan tukunyar, bai kawar ba ko sau ɗaya har ta zama tulin jar laka.

Ruwa ya tsagaita. Baba ya sake ni, ya cire hularsa ya durƙusa. Ya sa hannu biyu ya kwashe lakar ya zuba a cikin hular, ya bi jikin duwatsun yana katsowa da yatsa, bai bar ko kaɗan ba. Ya miƙe ya fuskanci Tsoho.

Tsoho ya dubi hular ya daɗe. Ya ce, "Mene ne wannan a hannunka, ɗana?"

Baba ya ce, "Ƙasa ce, Baba."

Tsoho ya ce, "Ƙasa ce." Ya share fuska da tafin hannu ya ce mu sauka a hankali, dutse na da santsi.

Sai a lokacin maganar da ya yi mini ranar da na kai damina ta dawo mini. Baba ya san dokar nan tun yana yaro. Ba zai iya kai dami ba, ba a kuma saukowa da tukunya, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ya tsaya ya ga uwarsa ta narke. Duk makonnin da nake gaba da shi, shi ma gabas yake kallo.

Muka sauko. A falalen dutse ya miƙo mini hular in riƙe masa ya sa takalmi. Tana da nauyi fiye da yadda na zata, ga sanyi, jan ruwa na ɗiga ta ƙasanta a kan zanena.

A gida Mama ta gan mu jiƙe sharkaf ta buɗe baki, ta dubi hular ta rufe. Baba ya wuce ɗakinsa na bi shi. Bangon ciki na ƙasa ne, ba a yi masa siminti ba. Ya ja gadonsa gefe, ya yayyafa ruwa a bangon daidai inda kansa ke kwanciya, ya shafe lakar a wurin da tafin hannu, a hankali, yana bi yana lailayewa yadda Kaka ke yi wa wuyan tulu. Wurin bai fi faɗin faranti ba. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin ya ce, "Nan ba ya yoyo."

Na ce, "Baba, yatsan nake so."

Ya ce, "Ni ma shi nake so." Ya zauna a bakin gado da hannuwansa jajaye a kan gwiwa, ya yi kuka irin na mutumin da bai iya kuka ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba, Mama ta kawo ruwan zafi ta ajiye ta fita.

Tsoho ya rasu bayan 'yan shekaru. An hau da tukunyarsa, amma ba a sami wanda zai gaje shi ba, kuma da jinkar ta sake tsufa ba wanda ya kira baibaya. Na hau sau ɗaya bayan haka. Rufin ya rufta, bangon ya zube, ciki duk jar ƙasa ce ta haɗe, ba ka ce ga wane ga wance. Waɗanda 'ya'yansu suka yi ta ɗaukar dami a ka duk sun tafi a ruwa ɗaya. Na tsaya na yi wa Tsoho kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Baba ma ya bi su ba da daɗewa ba, aka binne shi a maƙabartar coci. Da ƙanena ya zo daga Kaduna zai yi wa gidan siminti da fenti, na tsaya a ƙofar ɗakin na ce ko'ina ya shafe ban da nan. Ya ce wai ni da karatuna. Na ce da karatun nawa, ya gwada ya gani. Ya san halina, ya bar ɗakin.

Yanzu duk bazara ni ke zuwa duba kwanon, ni da aka ce damina ba ya hawa. Bara na sami hudar ƙusa daidai saman wurin, na sa aka like ta kafin hadari ya haɗo. In na gama sai in ja gadon gefe in ɗora hannuna a kan jar lakar nan. Ta bushe ta yi ƙarfi, shatin yatsun Baba na nan a jiki, ina jin su ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara sai na lalubi na Kaka a tsakaninsu, alhali na san babu.